Ƙafar Benci a Kundin Malama

Zuwa ga jikar yayana, Malama,

Assalamu alaikum. Shekara goma sha biyu ke nan cif tun ranar da iska ta kwashe rufin aji uku ta je ta kifa shi a filin ƙwallo, kwano da katako duka. Da wannan ranar nake ƙirga komai na makarantar nan. A makon da muka gama mayar da rufin ne kika fara koyarwa, da jakarki mai tsinkakken hannu da takalmin da ya yi miki yawa. Na fara da wannan ne don ki san kaina bai kwance ba tukuna, domin abin da zan faɗa miki a kansa ya dogara.

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yaran. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta, in hadari zai haɗo ita ke riga kowa sani. Gwaggonki ta warke daga tarin, har ta samu ƙarfin yi mini faɗa. Akawu, maƙwabcina da ke rubuta mini wannan, ya ce in faɗa miki lafiyarsa ƙalau. Na ce ba wanda ya tambaye shi.

Direba ya kawo saƙonki ranar Talata, man shafawa da ambulan. Na gode da man. Ambulan ɗin ne ban gode ba.

Kin ce a karatun digiri na biyu da kike yi, ba a sallamar malami sai ya tara kundi mai nuna yadda ya ci gaba a aikinsa: tsare-tsaren darasinsa, takardun bitar da ya je, hotunan ajinsa, abin da ɗalibai suka faɗa a kansa, sannan labarin wani abu guda da ya faru a aji ya sauya masa yadda yake koyarwa. Kin ce labarin yana bukatar shaidar wanda ya gani da idonsa, kuma tunda hedimastan wancan lokacin ya rasu, takardun ofis kuma yoyon ruwa ya cinye su, ni kaɗai na rage. In dangwala yatsa a ƙasan shafin, hedimasta na yanzu ya buga hatimi cewa ni ne kafintan makarantar na shekara talatin da ɗaya. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi. Har na sa aka wanke mini farar rigata.

Sai Akawu ya karanta fassarar shafin da kika haɗo. Ya zo inda kika ce: “Ta hanyar lura da ɗalibaina a kai a kai, na gano cewa wata yarinya da ke zama a baya ba ta ganin allo sosai, sai na mayar da ita gaba.”

Na ce, “Ci gaba.”

Ya ce, “Ai shi ke nan, sauran sunayen littattafan da ta karanta ne.”

Na ce, “Ina bencin?”

“Babu benci.”

“Ina durƙuson?”

“Babu durƙuso.”

“Ina kafinta?”

Ya juya takardar ya leƙa bayanta, ya ce ko ƙusa ɗaya babu.

Ke kika gano? Ta hanyar lura a kai a kai? Jikata, ina wurin fa. Abin da kika lura da shi a kai a kai shi ne layin bencinki ya karkace, kuma a kansa kika hukunta 'yar mai wanki zango guda. Ban ce ba ki zama malamar kirki daga baya ba. Kin zama, kowa ya sani. Amma babban yatsan nan nawa sau uku kacal ya taɓa shiga tawada: ranar da aka ɗauke ni aiki, ranar da na ajiye, da ranar da na tsaya shaida aka raba gidan kakanki. Duk ukun, abin da ke takardar haka ya faru. Ba zan fara koya masa ƙarya ina da shekara saba'in da tara ba.

Ba zan dangwala ba. Kada ki kira ni a waya a kan wannan. Kunnena ba ya jin ta, kuma maganar waya ba ta da inda ake ajiye ta a sake dubawa.

Kakanki,
Kafinta

*

Zuwa ga Kaka Kafinta,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗi da man ya iso. Ka riƙa shafawa safe da yamma, ba sai gwiwar ta kumbura ba. A gaida Gwaggo. A gaida Baba Akawu, a ce masa ni na tambayi lafiyarsa ko da kai ba ka tambaya ba. Yara lafiya, ƙaramin ya fara tsayuwa.

Kaka, a ɗakin malamai na buɗe wasiƙarka ina murmushi, kafin in kai ƙarshe sai da na fita baranda.

Ba ƙarya na yi ba. Yarinyar ba ta ganin allo, an mayar da ita gaba, ta iya karatu. Wanne ne a cikin ukun nan bai faru ba? Shafi ɗaya tak aka ba mu, ba a yarda ya wuce ba. Kundin nan ba tarihin makaranta ba ne. Kwamitin mutum uku ne, manyan malamai, za su zauna su duba shi su ga ko na cancanci a ba ni horar da wasu malamai. Suna da ƙa'idarsu, suna da irin maganar da suke son ji, kuma kafinta da benci ba sa cikinta.

Wata tara ina tara kundin nan. Na koma makarantu uku da na koyar ina roƙon kwafin takardu, a wata ma sai da na jira ma'ajin takardu kwana huɗu. Tsarin darasi goma sha biyu na sake bugawa, kowanne da bayanin abin da zan gyara in na sake koyar da shi. Kowane sashe ya cika, wannan kaɗai ya rage. Saura mako shida a rufe karɓa. In ban miƙa ba sai baɗi, makarantar da ta ba ni hutun karatu kuwa ba za ta ƙara mini ko wata ɗaya ba. Ka san abin da hakan yake nufi.

Maganar ambatonka kuma, ai na rubuta maka a takardar, ba ka ce komai a kai ba.

Don Allah ka dangwala, Kaka. Abin da ya wuce shekara goma sha biyu ba zai gyaru da ɓata mini shekara ɗaya ba.

Jikarka

*

Malama,

Sallama da gaisuwa kamar kullum. Muna lafiya. Gwiwar ta yi sauƙi, amma ba don man ba, don an daina ruwa ne.

“Kafinta da benci ba sa cikinta.” Na sa Akawu ya maimaita mini layin nan sau uku, har ya ce ko in sa a rubuta mini shi a ƙofar rumfata. To na ji. Manyan malamai za su zauna, ba a shigar musu da mai ƙurar katako a gemu. Ban yi makaranta ba, gaskiya ne, ban taɓa ɓoyewa ba. Amma allon da kika yi shekara uku kina rubutu a kansa ni na haɗa shi, na goge shi, na shafa masa baƙin fenti hannu uku don kada alli ya riƙa zamewa. Lokacin ba ki ce a fitar da ni daga ajin ba.

Kin ce kin rubuta mini wani abu a kan ambatona. Akawu ya duba gaba ya duba baya, babu. Wataƙila a zuciyarki kika rubuta shi.

Tunda shafinki ba shi da wuri, nawa yana da shi. Bari in faɗa miki yadda aka yi, ko kin manta.

Bayan an mayar da rufi, aji uku ya samu benci goma sha huɗu, duk aikin hannuna, kowanne na mutum uku. 'Yar mai wanki tana layin ƙarshe, a bakin benci ta gefen taga, shekararta takwas. Kullum kafin a tashi, gefenta ya yi gaba da taku biyu, benci ya tsaya a karkace, yara biyun da ke zama da ita suna kawo ƙara. Kika ce fitina ce. Kika ce ba ta kwafar komai sai ƙarce-ƙarcen banza a littafi. Kika riƙa sa ta durƙuso a bayan aji, fuskarta ga bango. Yarinyar da ba ta ganin allo daga benci, kika ƙara mata nisa, kika kuma juya mata ƙeya gare shi.

Ni kuma aka kawo mini bencin, ƙafa ɗaya ta cinye. Da gani ɗaya na gane. Ƙafar da yaro ya karya da wasa tsagewa take yi. Wannan kuwa gogewa ta yi a gicciye, ta gefe guda, kamar an ɗora ta a dutsen wasa wuƙa. Na je na duba simintin, na ga duk ƙarcen wuri ɗaya ya nufa. Ba ƙofa ba, ba taga ba, ba wajen ƙawarta ba. Allo. Lokacin hutu na tsayar da ita a wurin zamanta, na koma bakin ƙofa na ɗaga ƙusoshi, na ce, “Ke, ƙusa nawa ne a hannuna?” Ta ƙanƙance ido ta ce, “Baba, da abu a hannunka?”

Na same ki kina goge allo, na faɗa miki. Kin tuna amsarki? “Kaka, ka bar wa malamai aikin malamai.” Kwana biyu ba ki gaishe ni ba. Rana ta uku na leƙa ta taga, na ga yarinyar a layin farko.

Wannan shi ne abin da ya sauya miki koyarwa, ba littattafan nan da kika jera ba. Daga ranar ban sake ganin kin hukunta yaro ba sai kin fara zuwa kin zauna a wurin zamansa kin duba abin da yake gani. Ni na gan ki, babbar mace a kan bencin yara, gwiwa har haɓa. In za ki horar da malamai, me za ki ba su in ba wannan ba? Ki ce musu su yi lura a kai a kai? Ai ke ma lurar kike yi sa'ad da kike sa ta durƙuso.

Bencin yana nan. Da aka sauya na ajin da na ƙarfe, na ɗauke shi na ɗora a saman rumfata. Jiya na jingina tsani na nuna wa Akawu, maimakon ya dubi ƙafar sai ya shafo wasu ramuka huɗu a bayansa yana tambaya. Na ce aikin gara ne, ba wannan muke magana ba.

Kin ce zan ɓata miki shekara. Ban so ba, Allah ya sani. Amma ba ni na rubuta shafin ba.

Kafinta, wanda ba ya cikinta

*

Malama,

Gaisuwa. Yau kwana ashirin da uku ban ga takardarki ba. Sau uku direba yana zuwa, sau uku ina tsayawa a bakin titi kamar mai jiran baƙo, yana ɗaga mini hannu wofi. Na ƙarshe har ya ce, “Baba, ko in rubuta maka ɗaya da kaina?” Na ce ya fara gyara ƙofar motarsa.

Gwaggonki ta ce na yi tsanani, wai yarinya tana fama da karatu da goyo na je na tona mata abin da ya rufu. Ta ce in dangwala kawai, yatsa ne, ba ya magana. Na ce shi ya sa nake yi masa maganar.

In fushi kike yi, ki yi shi a takarda, zan sa a karanta mini. In kuma kin samu wani ya dangwala miki, ki faɗa mini ko wane ne in je in ga fuskarsa, don duk wanda yake wurin a shekarar rufin na san shi, na kuma san inda aka binne rabinsu. In ciwo ne, ke ko yaran, wannan kam ba ki da hujjar ɓoye mini. Ni ne na rage a layin kakanki.

Akawu ya lissafa, ya ce saura kamar mako biyu a rufe. Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa.

Kakanki

*

Kaka,

Ka yafe mini shirun. Ƙaramin ne ya yi zazzaɓi, muka kwana biyar a asibiti, yanzu ya warke har yana ɓarna. Sauran kwanakin kuwa ba ni da uzuri. Wasiƙarka tana cikin jakata, ina zuwa laburare da ita ina dawowa da ita, na kasa amsawa.

Na yi fushi, ba zan musa ba. Amma abu ɗaya ba zan bari ya kwana a ranka ba: ban taɓa jin kunyarka ba. Ƙa'idar kundin ta hana ambaton ɗalibi ko ma'aikaci yadda za a gane shi sai da izininsa. Shi ya sa na rubuta maka a ƙasan fassarar, ta hagu, da fensir: “Kaka, in kana so in ambace ka, ka faɗa, sai in aiko da takardar izini.” Ka sa a sake dubawa da rana.

Sai dai suna kawai ƙa'idar ta hana, ba ta hana benci ba, ba ta hana durƙuso ba. Ni na ɓuya a bayanta. Kunyar da nake ji tawa ce. Har yau in na ga yaro ya juya fuska ga bango, ko da wasa yake, sai in tuna yarinyar a durƙushe. Sa'ad da na zauna rubuta shafin, sau huɗu ina fara shi da durƙuson ina gogewa. Na biyar na rubuta wanda ka ji, na ce ai ba ƙarya ba ce. Da ka ce ina yin lurar ne a lokacin da nake hukunta ta, na rasa inda zan sa kaina.

Na sake rubutawa, ga fassararsa nan. Benci yana ciki, ƙafar tana ciki, ƙusoshin da ka ɗaga suna ciki, da abin da na faɗa maka ina goge allo. Na kai wa malamar da ke duba aikina. Ta karanta a tsaye, sannan ta zauna ta sake karantawa. Ta ce shi ne shafin farko a kundin da ta ga mutum a cikinsa. Amma ta ce ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ba ya sassauci a kan hukunta yara, yana iya tsayawa a layin durƙuso ya ƙi wucewa, kuma ba za ta yi mini alkawarin komai ba. Ta ce in zaɓa. Na zaɓa.

Akwai abu ɗaya da na bari, don ba nawa ba ne in faɗa.

Takardar izini biyu na haɗo, taka da ta yarinyar. Ban san inda take ba yanzu, ban kuma san ko za ta so jin sunana ba. In ta ƙi, ba zan miƙa ba. Saura kwana tara.

Jikarka, wadda ba ta daina zama jikarka ba

*

Jikata,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi da yaron ya tashi. Ki ja masa kunne a madadina, ke kuma naki yana jira, don kwana biyar a asibiti ba abin da ake ɓoye wa kaka ba ne. Mu lafiya.

Za ki ga rubutun ya sauya. Ba hannun Akawu ba ne, zan zo kan dalili.

Mun duba ƙasan takardar. Na fitar da ita tsakar rana na ba gwaggonki, ta ga fensir ɗin nan take. Na juya ga Akawu, ya ce wai fensir ba rubutu ba ne, shi a ofishinsu ba a karɓarsa. Sai na tuna wata uku ke nan in zai karanta mini abu sai ya ja kujerarsa zuwa bakin ƙofa. Na kifa kujerar na duba ƙafafunta. Sun goge a gicciye. Ni da nake cika miki baki da ƙafar benci, mutum yana jan kujera a gabana kullum ban gani ba. A kan maganar kunya na zalunce ki. Na faɗa sau ɗaya, kada ki sa ran na biyu.

Yarinyar ba ta yi nisa ba. Tana da shagon ɗinki a layin bayan asibiti, keke biyu, da tabarau mai kauri a fuskarta. Na je da sabon shafin, Akawu ya biyo ni ba a gayyace shi ba. Na ce mata, “'Yata, labarinki ne, ke za ki karanta.” Ta tsayar da keke ta karanta a fili, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da ta zo durƙuson ta gyara tabarau, sannan ta wuce.

Ta gama ta ce, “Baba, Malama ta rage abu.”

Na ce, “Me kuma?”

Ta ce, “Durƙuson na tuna. Ba zan ce na manta ba, a lokacin ko muryarta ba na son ji. Amma ita ta je ta samu babana a wurin wanki ta tasa mu gaba zuwa asibitin ido, ta tsaya a layi da mu tun safe har azahar. Zango biyu tana zama da ni bayan an tashi, ta sake fara mini daga harafin farko. Ina wannan a takardar? In za a rubuta, a rubuta duka.”

Kin ji ko? Da farko kin share laifinki, yanzu kin share alherinki. Ke dai ba za ki iya faɗin abu yadda yake ba sai an tsaya a kanki? Wane irin karatu ne wannan da ake muku?

Na ce wa yarinyar, “Madalla, abin da nake faɗa ke nan tun sama da wata guda, a rubuta duka.”

Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta mayar, ta dube ni. Ta ce, “To Baba, kai ma fa.”

Na ce, “Ni me?”

Ta ce, “Ba da gani ɗaya ba ne. Sau uku kana yi wa ƙafar faci kana yi mini faɗa, kana cewa ni ce mai kashe maka aiki. Na huɗu ka zo da guduma da katako ka kafe bencin da bango. Mako uku ban ga ko harafi ɗaya ba. Sai ranar da ka zo gyaran taga ka gan ni a bakin benci ina miƙa wuya, sannan ka tsaya ka dubi ƙasa.”

Akawu ya ce, “Ramuka huɗu.”

Na ce gara ce.

Ta ce, “Baba, gara ba ta huda a jere.”

Akawu ya yi dariya har sai da ya riƙe keken ɗinki, mutumin da ba ya ganin fensir.

Ita ce take rubuta wannan wasiƙar, a kan teburin yankanta, kuma ta ajiye alƙalami ta ce ba za ta ɗauka ba sai na faɗa da bakina. To na faɗa: haka aka yi. Ban manta ba. Na ɗora bencin a saman rumfa ne na juya bayansa ga bango, shekara da shekaru ina nuna wa mutane ƙafar. Na roƙe ta gafara a gaban Akawu, wanda hakan kaɗai ya isa hukunci. Ta ce ta yafe tun ranar da na zare ƙusoshin.

Yanzu na gane abin da kika ce ba naki ba ne ki faɗa, kuma a kan wannan ma ina da faɗa da ke. Kin sani, kika bar ni ina kumfar baki wasiƙa bayan wasiƙa, ina kiran kaina mai gani ɗaya. In girmamawa ce, ba na so. Da kin tuna mini tun farko, da na yi fushin kwana biyu na huce, kamar yadda kika yi a shekarar rufin.

Ta sa hannu a takardar izininta. A ƙasan shafinki kuma, inda ya rage fili, ta rubuta layi biyu da hannunta: ɗaya na asibitin ido da zaman bayan tashi, ɗaya na guduma. A ƙarƙashinsu yatsana zai sauka, ba a sama ba. In an ce shafi ɗaya bai ɗauka ba, ki rage littattafan, su ba su je wurin ba. Mutumin kwamitin da ba ya sassauci kuwa, yana da gaskiyarsa, ni ma ba na sassauci. In ya tsaya a layin durƙuso, kada ki yi masa gardama. Ki zaro wasiƙar nan ki ajiye a gabansa, ki ce ya dubi rubutun, ki faɗa masa hannun wa ne da wadda ta koya mata. In duk da haka ya ƙi, sai baɗi, kuma baɗin ma wannan shafin za ki kai.

Gobe da safe, in Allah ya kai mu, zan jingina tsani in sauko da bencin, ko gwaggonki ta yarda ko ba ta yarda ba. Zan kai shi wurin mai hoto a ɗauke shi gaba da baya, ƙafar da ramukan duka. Daga can sai ofishin hedimasta, in dangwala, ya buga hatimi, in damƙa wa direba kafin motar ƙarfe goma ta tashi. Sannan in tasa Akawu gaba zuwa asibitin ido. Ya ce ba inda za shi, idonsa ƙalau. Na ce ya yi tunani kafin gari ya waye, don gudumar tana nan, kujerarsa tana kusa da bango, kuma ina da sauran ƙusa huɗu.

Kakanki,
Kafinta